Na'urar Iska Ce Ta Karkace, Aka Ce Matuƙi Ya Tsufa

Akwai wani matuƙin jirgin ruwa da abokan aikinsa suke kira Sannu-sannu. Shekararsa ashirin da shida yana haye wani babban tafki da fasinja, safe da yamma, bai taɓa goga jirgi da bango ba. Sunan ya samo shi ne daga yadda yake shiga tasha. Tun daga nesa yake rage wuta, har fasinja su gama tattara kayansu, su gaji da tsayuwa, su koma su zauna.

Tashar ce ma ba ta son gaggawa. Mashigarta ƙunci gare ta, ginshiƙin siminti ta dama, wani ta hagu, jirgin yana ratsa tsakaninsu da ƙyar. In iska ta bugo daga gaba ba komai, inji zai iya da ita. In ta bugo daga gefe kuwa, sai ta tura jirgin kan ginshiƙi.

Saboda haka kamfanin ya kafa doka a rubuce. In iska mai ƙarfi ta karkata daga gaban jirgi fiye da digiri arba'in da biyar, ba a shiga. A tsaya a waje har ta lafa.

Sannu-sannu yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. A wurin aiki Injiniya ake ce masa, a gida kuwa Auta ne, duk da ya ba arba'in baya, yana da mata da 'ya'ya uku. Shi ke kula da na'urorin jiragen kamfanin guda huɗu, kuma ya san aikinsa, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya ne. In ya ce ya gama aiki, to ya gama. Wanda ya ce masa a sake dubawa kamar ya zage shi ne.

Da kamfanin ya sayo sababbin na'urorin auna iska, shi aka ba aikin ɗaurawa.

Na'urar 'yar ƙarama ce, mai farfela da wutsiya, ana kafa ta a kan dogon ƙarfen da ke saman ɗakin tuƙi. Tana da hanci, wanda ake so ya kalli gaban jirgi sak. Daga can take aiko da bayani zuwa wani allo da ke gaban matuƙi: ga ƙarfin iska, ga gefen da take fitowa. Tana kuma ajiye komai minti bayan minti, don ofis su duba in ta kama.

A jirage uku hancin ya zauna daidai. Na yayansa ne ya ƙi. Eriyar rediyo ta tare wurin, mariƙin da aka yi wa walda kuma ya ɗan juya, sai hancin ya zauna a karkace da digiri ashirin zuwa dama.

Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Masu ƙera na'urar sun san haka na faruwa, shi ya sa suka bar gurbi a allon. Kai dai ka gaya mata hancinta ya karkata kaza, zuwa gefe kaza, ita kuma ta riƙa gyara lissafinta da kanta.

Injiniya ya auna tun yana sama. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa: ashirin, hagu.

Abin da ya manta shi ne, tsanin a gaban ƙarfen yake, wanda ya hau shi bayan jirgi yake kallo. Hagunsa a lokacin, damar jirgi ce.

Ya sauko ya danna ashirin, hagu. Maimakon na'urar ta cire karkatar, sai ta ninka ta. Ashirin na mariƙi, ashirin na tafin hannun Injiniya, suka taru suka zama arba'in.

Yana naɗe wayoyinsa yayan ya ce, "Auta, gobe da sassafe mu fita da shi mu gwada, kafin iska ta tashi. Wanda ya ɗaura tsohuwar haka ya yi."

Injiniya ya yi dariya ya ce, "Yaya, wanda ya ɗaura tsohuwar da ido yake aiki. Ni da ma'auni na auna."

Ya rataya jakarsa ya tafi.

Sannu-sannu yana da wani siririn ƙyalle da ya ɗaure a jikin waya, a wajen tagar ɗakin tuƙi. Tun kafin a san na'ura shi yake kallo ya gane inda iska ta nufa. Bayan mako uku ya tare ƙanensa a bakin tasha.

Ya ce, "Ƙyallen nan da allonka ba sa jituwa. Kullum shi yana nuna nan, shi yana nuna can."

Injiniya ya ce, "Tsakanin ƙyalle da na'ura wanne ya je makaranta, Yaya? Bangon ɗakin tuƙi ne yake murɗa iskar kafin ta iso ƙyallenka. Tawa a sama take, babu abin da ya tare ta."

Bayanin ya yi daɗin ji, ma'aikatan da ke wurin ma suka gyaɗa kai. Sannu-sannu ya ce, "To," bai ƙara ba. Mutum ne da ba ya maimaita magana sau uku.

Aka yi wata biyu haka.

Wata Laraba da rana ya taso da fasinja kusan tamanin. Suna tsakiyar tafki iska ta tashi, kafin su iso tasha ta yi ƙarfi sosai. Ya daidaita gaban jirgi da mashiga, ya duba allo. Allo ya ce iskar daga dama take, digiri goma sha biyar kacal, wato kusan daga gaba. A doka, hanya a buɗe take.

Ya duba ƙyalle, ya ga ya miƙe zuwa hagu. Ya duba yadda ruwa yake gudu a jikin ginshiƙi. Ya kuma ji a hannunsa yadda sitiyari yake ja. Sai ya ja da baya, ya tsaya a waje.

Manajan tasha ya kira shi ta rediyo.

"Me ya hana ka shigowa?"

"Iska ce a gefe, ranka ya daɗe."

"Me allo ya ce?"

Da ya ga dama sai ya ce hamsin, babu mai ganin allon a lokacin sai shi. Amma ya ce, "Goma sha biyar."

"To shigo mana!"

"Ba zan shigo ba, ranka ya daɗe."

Awa ɗaya da minti arba'in suka yi a waje, jirgi yana rawa. Yara suka yi ta amai, manya suka yi ta zagi. Wani fasinja ya rasa jirgin saman da zai hau, kuma an yi rashin sa'a mutum ne mai dogon hannu a kamfanin. Kafin magariba takardar ƙorafinsa ta isa ofis.

Manaja ba mugun mutum ba ne, amma abin da ke rubuce shi ya sani. Ya sa aka fito da bayanan da na'ura ta ajiye, ya bi su layi-layi. Goma sha biyar, goma sha huɗu, goma sha shida. Babu inda iskar ta kusanci arba'in da biyar.

Ya ce, "Tsufa ne. Ido ya fara ja baya, zuciya ta fara tsoro."

Aka dakatar da Sannu-sannu daga ɗaukar fasinja. Abin da aka bar masa kawai shi ne kai jirgi shan mai da sassafe, babu kowa a ciki. Aka sa ranar Litinin da ƙarfe goma za a zauna a yanke hukunci, kuma kowa a tashar ya san hukuncin da za a yanke.

Abu ɗaya ya rage. Manaja ya kira Injiniya ya ce, "Ka duba na'urar, ka rubuto min ko lafiyarta lau."

Injiniya ya jona kwamfutarsa a allon. Wayoyi lafiya, farfela tana juyawa, babu alamar matsala ko ɗaya. Bai hau sama ba, bai fita gwaji ba. Ya rubuta cewa na'urar tana aiki daidai, ya sa hannu. A ransa yana cewa ai Yaya ya yi ƙoƙari, hutu ma alheri ne gare shi.

Ranar Juma'a da yamma ya je gidan yayan gaisuwa. Matar yayan ce ta buɗe ƙofa. A da in ta gan shi sai ta fara da tsiya, ta ce ga angonta ya zo cinye mata tukunya. Ranar ta kawo ruwa ta ajiye a ƙarshen tebur, inda sai ya miƙe zai kai hannu.

Ta ce, "An ce ka sa hannu."

Ya ce, "Anti, aiki ne. Ba ni na ce ba, na'ura ce ta ce."

"Na'urar, wa ya ɗaura ta?"

Ya miƙe ya ɗauko ruwan.

Ta ce, "Shekara ashirin da shida mutumin nan yana fita da 'ya'yan mutane yana dawo da su. Ƙyallen da kake yi wa dariya, daga tsohon mayafina nake yago masa. Bai taɓa yi masa ƙarya ba. Kai kuma wata biyu da kafa abinka har ka gama da shi."

Sannu-sannu ya ce, "Bar shi. Abin da ya gani ya rubuta."

Sannan ya juyo wurin ƙanensa ya ce, "Auta, Litinin ƙarfe shida zan kai jirgi shan mai. Ka raka ni. Ba gardama zan yi da kai ba."

Injiniya bai so ba. Amma ya ga in ya ƙi wannan ma, ba zai ƙara iya shiga gidan ba. Ya ce zai zo.

Litinin da sassafe tafkin ya kwanta lumui kamar ruwa a faranti. Ko ganye ba ya motsi. Su biyu ne kawai a ɗakin tuƙi. Sannu-sannu ya fita daga tasha, ya miƙe jirgin sak, ya ba shi wuta.

Can ya ce, "Ni ban yi karatunka ba, gyara min in na yi kuskure. Yanzu akwai iska?"

"Babu."

"To wannan da muke ji a fuska ta mece ce?"

"Ta gudun jirgi ce."

"Daga ina za ta fito?"

"Daga gaba mana."

"To me ya kamata allonka ya ce?"

Injiniya ya buɗe baki zai ce sifili, sai idonsa ya sauka a kan allon. An rubuta arba'in, hagu.

Ya ce, "Juya jirgin. Wataƙila akwai 'yar iska da ba mu ji ba."

Yayan ya juya, suka miƙe ta inda suka fito. Allon ya yi 'yar rawa, ya dawo ya zauna a arba'in, hagu. Suka nufi gabas, haka. Suka nufi yamma, haka.

Injiniya ya ce a rage wuta. Ya fita ya kama tsani ya hau. Da ya kai sama ya ɗaga kai, sai ya ga farin kumfan da jirgi yake bari a bayansa. Nan take ya gane inda yake kallo. Ya dubi hancin na'urar, ya dubi hannunsa na hagu, ya daɗe a can sama bai motsa ba.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Shi wannan ya hau abin da ya kai rimi, sai a hawa na biyu ya gani.

Ya sauko. Lissafin ba mai wuya ba ne. Goma sha biyar da allo ya nuna ranar Laraba, a ƙara arba'in ɗin da ya ɓace, hamsin da biyar ke nan daga dama. Ta wuce dokar kamfani da goma. Da Yaya ya bi allon, da fasinja tamanin ya kai wa ginshiƙi.

Kunya ta kama shi, irin wadda mutum yake rasa inda zai ajiye idonsa.

Ya ce, "Yaya, ni ne. Na sa hagu a inda ya kamata in sa dama."

Sannu-sannu bai ce ai na gaya maka ba. Yana kallon ruwa ya ce, "Minti nawa gyaran zai ɗauka?"

"Ko minti ɗaya ba zai kai ba."

"To gyara abinka, ka yi shiru."

Injiniya ya ɗago ya dube shi.

Yayan ya ce, "Ni saura shekara biyu in ajiye aiki dama. Kai yaranka ƙanana ne, in aka ji ka sa hannu a kan abin da ba ka duba ba, ba za su bar ka ba. Ba don in wanke kaina na kawo ka ba. Wanda zai karɓi jirgin nan allo zai bi, shi ba ya kallon ƙyalle. Ka gyara kafin ya kashe mutane."

Injiniya ya shiga gurbin gyaran. Ga ashirin, ga hagu. Dannawa ɗaya, hagu ta koma dama, allo ya koma sifili, babu wanda zai taɓa sani. Bayanan ranar Laraba za su zauna yadda suke, da rahotonsa a kansu, kuma da ƙarfe goma za a raba yayansa da sitiyari a matsayin tsoho matsoraci.

Yatsansa yana kan maɓallin. Ya yi tunanin 'ya'yansa. Ya yi tunanin yadda ma'aikatan tasha za su riƙa kallonsa, shi da yake tambayar wanne ya je makaranta.

Sai ya janye hannunsa, ya ciro waya.

Yayan ya ce, "Me kake yi?"

Ya kira Manaja. Da aka ɗauka ya ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya ne. Ina roƙonka ka zo tasha yanzu, kafin iska ta tashi. Akwai abin da nake so ka gani da idonka a cikin jirgi."

Manaja ya iso ƙarfe bakwai da rabi, ransa a ɓace, ko karyawa bai yi ba. Suka fita da shi. Injiniya ya yi masa tambayoyin da yayansa ya yi masa, ɗaya bayan ɗaya, har suka zo kan allon. Arba'in, hagu. Sannan a gabansa ya mayar da hagu dama. Lambar ta gangaro, ta tsaya a sifili.

Manaja ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ke nan ranar Laraba nawa ne?"

"Hamsin da biyar, ranka ya daɗe."

"Ni kuma ina ta yi masa ihu ya shigo."



Da suka dawo tasha, Manaja ya ce wa Sannu-sannu ya je ya shirya, shi zai ɗauki fasinjan ƙarfe goma sha ɗaya. Injiniya kuma ya biyo shi ofis.

A ofis ya rufe ƙofa ya ce, "Ka san abin da wannan yake nufi gare ka?"

"Na sani."

"Wa ya tilasta ka?"

"Ba kowa. Shi ma cewa ya yi in gyara in yi shiru."

Manaja ya ce, "Kuskuren hagu da dama kowa na iya yi. Sa hannun da ka yi ba tare da ka duba ba, shi ne ba zan iya rufewa ba. Za a karɓe jiragen daga hannunka, wani zai zo ya sake gwada su duka."

Injiniya ya ce ya yarda. Haka kuwa aka yi. Wata bakwai ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago kafin kamfanin ya sake nemansa, kuma wata bakwai ɗin ba su zo wa gidansa da sauƙi ba.

Amma a ranar, kafin ya fita, Manaja ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda ya miƙa masa. Takardar sallamar yayansa ce. An riga an buga ta, an sa kwanan wata, an sa hannu, ƙarfe goma kawai take jira.

Ya karanta. A sakin layi na biyu aka kawo hujjar sallamar, hujja ɗaya tak: rahoton injiniyan kamfani, wanda ya tabbatar da cewa na'urar tana aiki daidai. Ga sunansa nan a rubuce, sunan mahaifi ɗaya da na yayansa da ke saman takardar.

Manaja ya karɓa ya yaga ta gida huɗu, ya nufi kwandon shara.

Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni su."

Ya ninke su ya sa a aljihu. Ta tagar ofis yana hango yayansa a bakin jirgi, yana karɓar jakar wata tsohuwa don ta samu ta hau. Har yau Sannu-sannu bai san an taɓa buga takardar ba.

Darasi: Kuskure ba ya kashe mutunci, ƙin sake dubawa ne yake kashe shi. Duk ƙwarewarka, in wanda ya daɗe a kan aiki ya ce maka akwai matsala, tashi ka gwada kafin ka yi masa dariya, kuma kada ka sa hannu a kan abin da ba ka duba ba. In kuwa ka gano laifin naka ne, gyara a ɓoye bai isa ba matuƙar wani yana ɗauke da shi a madadinka. Ka fito ka faɗa, ko da zai ci ka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, musamman wanda kuka san ba ya son a ce masa ya sake dubawa.